Fulawar roba a falo: ado ce ko tarkace?

Maman Ilham (Fadaman Mada):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina da tambayar da nake so a tattauna ta da gaske. Kusan duk falon da mutum zai shiga a garin Bauchi yanzu, daga Jahun har Gwallameji, zai tarar da fulawar roba, wata a kan teburin tsakiya, wata a gefen talabijin, wata mai yaɗo an nannaɗe ta a jikin ƙarfen labule, wata kuma doguwa a kusurwa kusan tsayin mutum. A wasu gidajen nakan ji ta ƙara wa ɗakin kwarjini, a wasu kuwa da zarar na gan ta sai in ji duk kuɗin da aka kashe wa kujeru da labule ya zube, amma na kasa gane takamaiman abin da ya bambanta su. Shin fulawar roba tana iya zama ado na mutunci, ko kuwa sabo ne kawai ya sa muka daina ganin muninta?

Hajiya Uwani (Jahun):
Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma 'ya'yana sun sani. Abin da ya sa ake son fure shi ne yana da rai, yana da ƙamshi, yana fitowa a lokacinsa ya kuma tafi a lokacinsa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gindin lalle da yamma lokacin da ya yi huda ya san abin da nake nufi, domin tun daga zaure ƙamshin yake tarbar mutum. Fulawar roba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yadda take ranar da aka kai amarya haka take ranar sunan ɗanta na uku, illa dai ta koɗe ta ɗauki ƙura. A zamaninmu ana yi wa yarinya jere da tasa da kwalla da faifai, ana goge su har mutum ya ga fuskarsa a jiki, kuma babu wanda ya taɓa cewa ɗakin ya rasa wani abu.

Ummu Sadiq (mai sana'ar jeren amare, Yelwa):
Ranki ya daɗe Hajiya, maganarki a kan ƙamshi da rai babu mai ja da ita. Sai dai tun da wannan ita ce sana'ata, bari in amsa wa Maman Ilham abin da ta ce ta kasa ganewa, domin bambancin yana nan, kuma ana iya koyonsa.

Abin da muke haɗawa mu kira fulawar roba ba abu ɗaya ba ne. Akwai wadda aka zuba ta gaba ɗaya da roba, fure da ganye da kara, ita ce mai sheƙi wadda ake hango ƙaryarta tun daga bakin ƙofa. Akwai wadda furenta na yadin foliyesta ne, an yanka shi an gasa shi da ƙarfe mai zafi ya ɗauki siffa, an liƙa shi a kan kara mai waya a ciki, kuma ita ce ta fi yawa a kasuwanninmu. Sannan akwai wadda aka shafe furenta da ruwan roba mai laushi, wadda idan aka taɓa ta sai a ji ɗan danshi-danshi kamar na furen gaske, ita ce mafi tsada. A cikin kowane rukuni akwai mai kyau akwai marar kyau, saboda haka tsada kaɗai ba ta isa ma'auni ba.

Idan zan saya, launi nake fara dubawa. Furen da Allah ya halitta ba ya zuwa da launi ɗaya tas daga gindi har baki, za a ga tsakiyarsa ya ɗan fi duhu ko haske, bakinsa ya ɗan sirka. Idan na ga wardi shuɗi shar, ko wanda aka barbaɗa wa ƙyalƙyali, ko mai ɗigon gam a jiki wai raɓa ce, ba na ko tambayar kuɗinsa. Daga nan sai in juya bayan ganyen, domin a nan masu ƙerawa suke yin ha'inci: sama kore ne mai kyau, ƙasa kuwa farin yadi ne da zare yana tsiyaya a gefe. Ina kuma son reshen da yake ɗauke da furen da ya buɗe, da wanda ya fara buɗewa, da ƙullin da bai buɗe ba, saboda haka tsiro yake.

Amma abin da ya fi ɓata ɗakunanmu ba a kanti yake ba, a gida yake. Mutane suna ciro fulawa daga leda a matse yadda aka danno ta cikin kwali, su cusa ta a gilashi a haka, alhali wayar da ke cikin karan an sa ta ne domin a lanƙwasa kowane reshe, wani ya miƙe, wani ya sunkuya, a bar sarari a tsakaninsu. Minti goma na wannan aikin yana canza ta gaba ɗaya. Sai kuma yawa. Falo ɗaya wuri ɗaya ya ishe shi, idan yana da girma wuri biyu. Idan tebur yana da ita, bango yana da ita, labule yana da ita, har silin an rataya masa, ido ba ya samun inda zai huta, ko da kuwa kowace ɗaya mai tsada ce.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Maganar lanƙwasa reshe ban taɓa jin ta ba, kuma yanzu na gane dalilin da ya sa yawancin waɗanda nake gani suke tsaye ƙiƙam a dunƙule. To ina batun abin da za a sa ta a ciki?

Ummu Sadiq:
Idan gilashi ne mai nuna ciki, lallai ne a rufe gindin karan, domin babu abin da ke tona asirin fulawa kamar ƙarshen waya a cikin busasshen gilashi. A zuba tsakuwa wankakkiya ko farin yashi. Ni dai na fi son tukunyar ƙasa ta maginanmu, ko ƙaramin tulu, ko kwando na kaba, saboda rashin sheƙinsu yana kwantar da sheƙin robar, kuma suna dacewa da kafet da kujerun da muke amfani da su. Tukunyar roba mai ruwan zinariya da ake haɗowa da fulawar ita ce abu na farko da nake cirewa.

Malam Auwal (malamin aikin gona, Gwallameji):
Ina neman izinin iyaye mata in sa baki. Duk abin da Ummu Sadiq ta lissafa hanyoyi ne na sa abin roba ya yi kama da mai rai, sai nake tambayar kaina, me zai hana a ajiye mai ran kawai? Na san amsar da za a ba ni ita ce zafi da ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne cewa yankakken wardi da aka ɗauko daga Jos, tafiyar kusan kilomita 130, ba zai yi kwana uku a falon Bauchi a watan Afrilu ba, lokacin da zafi yake kusantar digiri 40. Sanyin tsaunin Filato ne ya sa irin waɗannan furanni suke yi a can. Amma kuskurenmu shi ne muna ɗauka fure sai na ƙasar sanyi.

Muna da moda, mai dogayen ganye kamar takobi, wadda kakanninmu suke cire zarenta su yi igiya da tsirkiyar baka. Tana rayuwa a cikin ɗaki da ɗan haske, kuma ban-ruwa sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta, hasali ma yawan ruwa ne yake kashe ta. Muna da alobera. Muna da itacen kariya, wanda masu sayar da tsirrai suke kira wardin hamada, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wanda yake hudawa da rani lokacin da komai ya bushe, sai dai shi rana yake so, saboda haka wurinsa baranda ne ko tsakar gida. Dole in yi gargaɗi cewa ruwan jikinsa dafi ne, har mafarauta sun yi amfani da shi a kibiya, don haka ba a ajiye shi inda ƙananan yara za su kai hannu. Ko ɗoɗɗoya da na'ana'a a tsohon bokiti a bakin taga sun ba da kore da ƙamshi, an kuma samu na shayi da na miya.

Zulai (Tumfure, Gombe):
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina roƙon a tuna da irinmu. Ni gidan haya nake, ɗaki biyu da falo, tagar falon tana kallon katangar maƙwabta, hasken da yake shigowa bai kai a karanta takarda da rana ba. Ruwan famfo daga Dadin Kowa ba kowace unguwa yake kaiwa kullum ba, sau da yawa a wurin 'yan garuwa muke saye, kuma da hutun makaranta nakan kwashi yara mu tafi gida mu yi wata guda. Wace shuka ce za ta jure wannan? Mace irina idan ta sa reshe biyu na fararen furanni na yadi a kusurwa domin idonta ya riƙa sauka a kan wani abu mai daɗin gani, ban ga dalilin da za a ce ba ta san ado ba. Da babu gara ba daɗi.

Malam Auwal:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, 'yar'uwa, kuma na karɓe ta. Ɗakin da babu haske ko moda ba za ta yi ƙarko a cikinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne gida mai fili da rijiyar burtsatse, amma a ƙofar shiga an kafa bishiyar roba.

Anti Rabi (ma'aikaciyar jinya):
Ina so in shigo da batun lafiya, domin kowane ɓangare yana da nasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake sauke mana ƙura, duk abin da yake da lunguna da yawa ma'ajiyar ƙura ne, kuma fulawar yadi ta fi komai lunguna a falo. Ana share ƙasa, ana goge tebur, ana kaɗe kujera, amma ita sai ta shekara ba a taɓa ta ba, fanka kuma tana kaɗawa tana watsa abin da ta tara. Gidan da yake da mai asma ko mai yawan atishawa ya kamata ya yi la'akari da wannan, musamman a ɗakin kwana. Idan aka haɗa da hayaƙin turaren wuta, wanda yake barin ɗan maiƙo a jikin abubuwa, ƙurar takan manne ta yadda kaɗewa ba ta fitar da ita. Kuma don Allah a nisanta kasko daga gindinta, domin foliyesta da roba suna narkewa su kama wuta, hayaƙinsu kuma yana da illa ga ƙirji.

Masu shukar gaske su ma kada su saki jiki. Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya yana tara ruwa, sauro kuma yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana 7 zuwa 10 a yanayin zafi irin namu, saboda haka a riƙa zubar da shi. Amma maganar da ake yaɗawa cewa shuka a ɗakin kwana tana shanye wa mutum iska da dare ba abin tsoro ba ce, abin da tukunya ɗaya ko biyu suke sha bai kai na mutum guda da yake kwance a ɗakin ba, ko kusa.

Fa'iza (ɗaliba, Yelwa):
Iyayena, ku gafarce ni, ni ce ƙarama a nan, amma akwai abin da yake damuna a yadda maganar take tafiya. Tun ɗazu ana auna kyan fulawa da yadda ta yi kama da ta gaske, ana cewa a rage launi, a rage yawa, a bar sarari. Wa ya kafa wannan ƙa'idar? Ni a hotunan gidajen Turai da ake yaɗawa a Instagram na fi ganin irin wannan tsari, farin bango da reshe ɗaya a kusurwa. Mu kuwa adonmu tun asali na cika ido ne. Hajiya ta ambaci jeren da, to ai jeren nan daga ƙasa har rufi ake yin sa, kwano a kan kwano, domin yawansa shi ne yake nuna cewa yarinya tana da dangi kuma an yi mata gata. Kwallayen nan da samiru kuma jikinsu cike yake da zanen furanni ja da shuɗi da rawaya waɗanda babu irinsu a kowane daji. Atamfar da muke ɗaurawa haka take, zanen gado haka yake, zayyanar da magina suke yi a fuskar soro ma launuka ne masu ƙarfi. Ba mu taɓa cewa furen jikin atamfa ƙarya ba ne. Me ya sa sai na cikin tukunya ne za a ce dole ya yi kamar Allah ne ya tsiro da shi, in ba haka ba mai shi ba ta waye ba? Ina jin tsoron kada mu wayi gari muna raina ɗakunan iyayenmu mata na karkara da na cikin gari saboda ma'aunin da ba namu ba.

Hajiya Uwani:
Yarinyar nan ta yi magana, Allah ya yi miki albarka. Gaskiya ne jerenmu na cika ido ne, kuma ban yarda a raina shi ba. Amma ki lura da abu ɗaya, 'yata. Jeren nan yana da tsari mai tsanani: manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane layi launinsa ɗaya, kuma tsofaffin da suka iya ne ake kira su yi shi, ba kowa ba. Sannan duk mako sai an sauke an goge. Yawa ne mai lissafi da tsafta. Abin da nake gani yanzu shi ne a sayo duk abin da aka samu a watsa shi ko'ina a manta da shi.

Malam Auwal:
Ina ganin Fa'iza ta kai mu ga gindin maganar. Bambancin furen atamfa da na tukunya shi ne, na atamfa bai taɓa cewa shi fure ne ba, zane ne, kowa ya san zane ne, saboda haka mai zanen yana da 'yancin ya yi shi shuɗi ko baƙi. Na tukunya kuwa an ba shi kara da ganye an tsayar da shi a inda shuka take tsayawa, wato yana da'awar cewa shi tsiro ne. Wanda ya yi da'awa dole a nemi hujjarsa. Idan ya yi kama sosai, ido ya gamsu. Idan kuma tun farko bai yi da'awar ba, kamar furannin da mata suke saƙawa da zaren ulu ko suke haɗawa da duwatsun ado, shi ma ido ya gamsu, domin aikin hannu yake kallo, yana yaba gwanintar mai shi. Wanda yake ɓata rai shi ne na tsakiya, wanda ya ce shi wardi ne amma ga sheƙin roba ga ƙyalƙyali ga zare yana zuba.

Ummu Sadiq:
Malam ya faɗi abin da na daɗe ina aiki da shi ban iya furta shi ba. Kuma Fa'iza, ƙanwata, ban ce a bar launi ba. Na yi jeren da aka sa jan fure mai yawa, tulu guda cike, ya kuma yi kyau ƙwarai, saboda labulen da kafet ɗin an zaɓe su ne su ɗauke shi, kuma a wuri ɗaya aka tara shi ya zama shi ne abin kallon ɗakin. Abin da nake faɗa da dangin amarya a kansa shi ne, gwaggo ta kawo nata ruwan hoda, inna ta kawo nata rawaya, ƙawaye sun kawo shuɗi, kuma kowa yana so a ga nasa a falo ranar buɗar kai. A irin wannan nakan roƙi uwar amarya a raba su, wani ya tafi ɗakin kwana, wani a ajiye a kwali a riƙa canzawa bayan 'yan watanni. Hakan ma yana magance abin da Hajiya ta ce na fure ɗaya tun daga aure har haihuwa ta uku.

Fa'iza:
Na gamsu da bambancin da Malam ya kawo, amma ban janye duka ba. Har yanzu ina ganin idan mace ta sayi mai ƙyalƙyalin nan da kuɗinta saboda shi ne yake faranta mata rai, kuma tana wanke shi, ɗakinta ne.

Alhaji Ɗanlami (ɗan kasuwa, Wunti):
Ni da nake sayar da kayan nan bari in faɗi abin da na sani. Kusan duk fulawar da ke kasuwar Wunti da Muda Lawal daga Chaina take, ta biyo ta Legas ko Kano. Akwai gari mai suna Yiwu a lardin Zhejiang, wanda yake da babbar kasuwar sari ta ƙananan kayayyaki, inda fulawa take da nata sashe, 'yan kasuwarmu da yawa can suke zuwa ko su yi aike. Sana'ar kuma ba ƙarama ba ce. Li Ka-shing, wanda ya daɗe yana cikin manyan attajiran Asiya, kamfanin roba ya kafa a Hong Kong a 1950, kuma furannin roba da ya riƙa fitarwa zuwa Turai da Amurka ne suka fara ɗaga shi. Wato mutanen da ake ganin suna da furen gaske a ƙofar gida su ma sun saye ta da yawa.

A can ana ƙera kowane daraja, daga na ƙasa har wanda sai an taɓa ake ganewa. Abin da yake zuwa mana ya danganta ne da abin da mai saye zai iya biya, kuma tun da canjin dala ya tashi, yawancin 'yan kasuwa na ƙasan suke ɗaukowa, domin mai kyan yakan daɗe a shago. Shawarata ga mata ita ce, maimakon a sayi dami biyar masu araha, a haɗa kuɗin a sayi reshe uku masu kyau. Kuma a fito da ita bakin shago a duba ta a hasken rana kafin a biya, domin fitilar shago tana ɓoye aibi. A ɗan ja fure ɗaya a hankali a ga ko zai cire, a kuma shafa farin ƙyalle mai ɗan danshi a ga ko launin yana zuba.

Maman Ilham:
Alhaji, mun gode da wannan gaskiyar, ba kowane mai shago ne zai faɗe ta ba. Malama Hauwa, ina ganin kina karantawa. Wata maƙwabciyata ta ce mini ajiye irin wannan kwaikwayon halitta ne, shin akwai matsala a addini?

Malama Hauwa (malamar Islamiyya):
Abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne siffanta abu mai rai, mutum ko dabba ko tsuntsu. Bishiya da fure ba sa cikin wannan a wurin jumhurun malamai, kuma ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce wa wani mai sana'ar zane idan lallai sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Saboda haka fulawa a kan kanta babu laifi. Abin da zan ja hankali a kai biyu ne. Wasu ana liƙa musu ƙananan tsuntsaye ko malam-buɗe-littafi, wanda yake son fita daga saɓani sai ya cire su. Na biyu kuma shi ne almubazzaranci da gasa, musamman a kayan ɗaki, inda uba yake cin bashi domin kada a ce ɗakin 'yarsa bai kai na wance ba. Son kyau ba aibi ba ne, amma kada ado ya zama nauyi a wuyan iyaye.

Zulai:
Tun da an yi maganar aikin hannu, akwai hanya ta uku da nake gwadawa a nan Gombe. Bayan damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kyasuwa da gamba suna fitar da kai mai laushi a bakin hanya, irin wanda ake sayar da na robarsa da tsada a shagunan kwalliya. Nakan yanko su in rataye su kai ƙasa a inuwa har su bushe, in haɗa da reshen auduga da ya fashe, tun da ƙasarmu ta auduga ce, in sa a tulu. Ba ya buƙatar ruwa ko haske, kuma abin gaske ne.

Anti Rabi:
Yana da kyau a ido, Zulai, amma kyasuwa tana zubar da gashi, kuma ga mai asma tana iya tayar da ciwo. Busasshiyar ciyawa kuma ta fi komai saurin kama wuta. Idan babu mai larura a gidan, a sa ta nesa da kasko da soket, a kuma zubar da ita idan ta fara ruɓewa da shigowar damina. Zangarniyar dawa ko ta gero da wasu suke sawa kuwa tana jawo ɓera da ƙwari.

Ummu Sadiq:
Haka ne, kuma bari in cika da yadda ake wanke ta roba, tun da duk mun yarda ƙura ce babbar matsala. Wadda take roba zalla a tsoma ta a ruwan sanyi da ɗan sabulu, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Kada a yi amfani da ruwan zafi, yana sakin gam. Ta yadi kuwa a fara gwada fure ɗaya a ga ko launi zai zuba. Idan yana zuba, a sa kan furen a cikin leda da gishiri mai ɗan kauri kamar cikin hannu biyu, a ɗaure a girgiza, gishirin zai kankare ƙurar, sai a kaɗe. Na'urar busar da gashi ma tana yi idan aka sa ta a iska mai sanyi. Da hunturu a yi haka duk mako biyu, sauran watanni sau ɗaya a wata ya isa. Kada kuma a ajiye ta inda rana take dukanta ta taga, domin hasken rana yana cinye launi, ja ya koma fari-fari, koren ganye ya koma shuɗi-shuɗi, kuma idan ta kai nan babu gyara, sai a sauke ta.

Hajiya Uwani:
To idan za a yi mata duk wannan hidimar, wanka duk mako biyu da kaɗewa da kiyaye ta daga rana, ashe ba ta fi modar Malam Auwal sauƙi ba. Ni dai zan aika a samo mini moda tukunya biyu. Amma 'yar Gombe mai ɗaki marar haske, ke na yarje miki, ki sayi farar mai kyau ki sa a tulu.

Malam Auwal:
Hajiya, ba sai an saya ba. Moda tana 'ya'ya a gindinta, ana raba su da wuƙa a dasa. A haɗa ƙasa da yashi rabi da rabi, a tabbatar tukunyar tana da huda a ƙasa, kuma bayan dashe a bar ta kwana uku ko huɗu kafin a ba ta ruwan farko. Ina da su da yawa a gida, duk mai so a cikin zauren nan ya yi mini magana ta gefe, zan bayar a kai wa Hajiya nata har Jahun.